Wanda ya yabi fim ɗinka kuma ya zaro takarda

Kai yaro, ka ce za ka tafi taron masu shirya fim masu zaman kansu da fim ɗin da ba ka gama tacewa ba, kana son sanin yadda za ka ƙulla hulɗa da mutane ka kuma ji ra'ayinsu. Gaisuwa da karɓar lambar waya ba sai na koya maka ba, wanda bai iya wannan ba ya zauna a gida. Ni abin da zan faɗa maka shi ne wanda ya cinye min fim sukutum.

A irin wannan taron na haɗu da wani dillalin fina-finai. Ya kalli farkon fim ɗina, ko rabi bai kai ba, ya miƙe ya riƙe hannuna yana ta yabo. Aibi ko ɗaya bai samu ba, a fim ɗin da ni kaina na san sautinsa bai daidaita ba tukuna. Ya ce yana da rumfa a kasuwar fina-finai ta Berlin a watan Fabrairu, yana da wata a ta Cannes a watan Mayu, kuma gaskiya ne, yana da su. Ya ce gobe za a rufe kundin fina-finan da zai tafi da su, jirginsa kuma da asuba ne. Takardar yarjejeniya tana cikin jakarsa a shirye, sunana kawai aka bar wa gurbi, na kuwa sa hannu.

Abin da ke ciki: haƙƙin sayarwa a duk duniya, ta kowace hanya, na shekara 15. La'adarsa kashi 25 cikin ɗari, wannan ba laifi ba ne, haka sana'ar take. Cutar tana wani ɗan layi da ya ce zai fara cire kuɗin talla kafin a raba komai, ba tare da an sa wa kuɗin iyaka ba. Otal ɗinsa, tikitin jirginsa, fosta, liyafar da ya yi wa baƙinsa, duk a kan fim ɗina aka ɗora. Sannan ya haɗa nawa da wasu fina-finai ya sayar a dunƙule, ya rubuta wa nawa mafi ƙanƙantar farashi, tunda shi ke yin rabon. Da lissafi ya iso, wai ni ake bi bashi. Lauya ya karanta takardar ya ce babu ta inda za a kama shi. Daga baya wani gidan talabijin ya neme ni kai tsaye yana son fim ɗin, na kasa sayar musu da abin da na kwana ina tacewa da hannuna. Mutanen da suka zuba kuɗinsu saboda sun yarda da ni, har yau in mun haɗu nauyinsu nake ji. Shi kuwa yana nan yana yawon taruka, na taɓa hango shi ya dafa kafaɗar wani yaro kamar kai.

To ka ji. Ba a sa hannu a wurin taro. Dillali na ƙwarai zai yarda a rubuta iyakar kuɗin talla, a rage shekarun, a ba ka ikon duba littattafan lissafinsa, haƙƙinka kuma ya dawo maka in ya kasa sayarwa cikin wa'adi. Ka karɓi kundinsa ka kira furodusoshin fina-finan da ke can baya, ba na bangon gaba ba, ka tambaye su ko sun taɓa ganin kuɗi.

Ra'ayi kuwa, a wurin wanda ba ya neman komai a hannunka ake samunsa. Ku yaran yanzu kun fi son ku ɗauki hoto da babban darakta ku sa a Instagram, alhali ga editoci da masu haɗa sauti zaune a gefe babu mai kula su, kuma su ne za su gaya maka gaskiya. Kada ka ce "ya ka gani?" domin "ya yi kyau" za a ce maka. Tambaye shi a wane wuri hankalinsa ya bar fim ɗin, wane ne a cikin labarin bai gane abin da yake so ba. Ka rufe bakinka ka rubuta, ban da kare kai. In mutane da yawa sun koka a wuri guda to akwai matsala, sai dai sau da yawa tushenta yana can baya, a fitowar da ba ta shirya mai kallo ba. Maganin da suka ba ka ba dole ne ka sha ba.

Kuma kada ɗoki ya sa ka ɗora fim ɗin a YouTube don a yaba maka. Manyan bukukuwan fina-finai irin su Cannes da Berlin da Venice suna son fim ɗin da bai fita duniya ba, da zarar ya yaɗu a intanet ka rufe wa kanka ƙofarsu. Ka aika fim ɗin ta adireshin intanet mai lambar sirri, da sunan mai kallon a rubuce a jikin hoton. Labarin da ba ka rubuta ba kuma kada ka zazzage shi wa kowa, dokar haƙƙin mallaka rubutaccen aiki take karewa, ba tunanin da ke kanka ba. In abokan haɗin gwiwa kake nema da gaske, ka nemi shiga kasuwanni irin CineMart na Rotterdam ko Durban FilmMart da aka fara a 2010, inda ake tantance ayyuka a tsara maka ganawa da masu zuba jari.

Duk takardar da aka miƙa maka ka kawo min ita kafin biro ya taɓa ta. Sautin fitowa ta uku kuma har yanzu yana da ƙara, ka gyara shi kafin ka nuna wa kowa.