Anti, aiki ya samu a gari uku, amma ni mace ce kuma ba ni da aure

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni budurwa ce 'yar shekara 27, haifaffiyar Funtuwa. Na karanta ilimin gwaje-gwajen asibiti a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, na yi shekarar horon aiki, na yi bautar ƙasa a Ilori, na dawo gida. Yau wata tara ke nan ina zaune, daga wanke-wanke sai rakiyar biki. Lasisina yana ƙasan akwati. Duk matar da ta shigo gidanmu sai ta dube ni ta ce, "Har yanzu shiru?" Kin kuwa san ba aiki take tambaya ba.

Yanzu Allah ya buɗe hanya har uku a lokaci guda, sai kuma kaina ya kulle.

Wani asibiti mai zaman kansa a Wuse, Abuja, ya ce zai ba ni naira 230,000 a wata. Na sa an tambayo min ɗaki a Kubwa, mai banɗaki da ɗan kicin a ciki. Dillalin ya ce 900,000 a shekara, in an haɗa da la'adarsa da kuɗin lauya da na ajiyar ɓarna, abin zai kai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ƙawata da ke can ta ce in ware 3,000 kullum na mota. Gida biyu kuma da jin cewa ba ni da miji suka ce ba sa ba mace ita kaɗai.

A Kaduna wani ɗakin gwaji ne a Unguwar Rimi, albashi 140,000. Akwai aminiyar Mama a Unguwar Dosa, Hajiya ce da mijinta ya rasu, ta ce ɗakin bayan gidanta yana nan ba kowa, in zo in zauna. Matsalar, na san ko tari na yi sai Mama ta ji a Funtuwa.

A Kano kuma 120,000 ne, kuma gidan Gwaggona zan zauna a Kurna. Ina son Gwaggo, amma mu huɗu za mu riƙa kwana a ɗaki ɗaya, kuma ta riga ta fara lissafo min 'ya'yan ƙawayenta da ke neman mata.

Baba, tsohon malamin firamare ne, ya ce 'ya mace ba ta zaman kanta, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Kano kaɗai ya yarda da ita. Mama ta ce in yi istihara, na yi, amma zuciyata Abuja take kai ni. Akwai wani bawan Allah da muka haɗu a Ilori, yanzu a Abuja yake aiki, ya ce yana sona da aure da zarar ya kammala gininsa. Ya ce kada haya ta dame ni, shi zai biya shekarar farko.

Anti, ba na son in saɓa wa Baba, ba na kuma son in tsufa a tsakar gida da takardata a akwati. Mako uku suka ba ni a Abuja. Ina zan nufa?

Ƙanwarki daga Funtuwa.

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Bari in fara da maganar da kika ɓoye a ƙasan wasiƙar, don ruwa ba ya tsami banza. Kin jero min albashi da haya da kuɗin mota kamar akawu, sai a layin ƙarshe wannan bawan Allah ya leƙo. Ban ce mutumin banza ba ne, ban san shi ba. Amma kada ki yarda namijin da bai biya sadakinki ba ya biya miki haya. Wanda ya biya kuɗin ɗaki, ko bai karɓi mukulli ba, a ransa yana da mukulli. Ranar da ya buga ƙofa ƙarfe goma na dare, da wane baki za ki ce ya koma? Ranar da kuka ɓata kuma, shekara ta zagayo, dillali ya kira, wa zai biya ta biyu? Ga kuma abin da ya fi muni: in maganar ta isa Funtuwa, kuma za ta isa, kin ba duk masu cewa "har yanzu shiru" labarin da za su ci shekara suna taunawa. In da gaske yake, ya san hanyar Funtuwa. Ya turo magabatansa su gaida Baba, gini ya biyo baya. Mutane nawa suka yi aure a gidan haya?

To, mu cire shi daga lissafin, mu duba Abuja da kuɗinki ke kaɗai. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu in an raba wata goma sha biyu, 100,000 ke nan. Mota 3,000 sau kwana 24, 72,000. Abin da ya rage daga 230,000 shi ne 58,000, bai ma kai naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba. A ciki za ki ci abinci, ki sayi gas, ki biya wuta da 'yan garuwa, ki sa kati, ki aika wa Mama ɗan abin goro. Kuma hayar ba wata-wata ake karɓa ba, a dunƙule ake so kafin ki ga albashin farko. Daga ina za ta fito?

Abuja gari ne mai kyau, ba na musu. Tun da aka dawo da babban birnin ƙasa daga Legas a Disamban 1991 take jan matasa, kuma a can mace mai aiki ba abin kallo ba ce, ba mai tsayar da ke ya tambaye ki ina mijinki. Sai dai tsakiyar garin ba don irinmu aka gina shi ba. Masu yi masa aiki a Kubwa suke kwana, da Lugbe da Nyanya da Karu, wasu ma a Mararaba ta jihar Nasarawa ko Suleja ta jihar Neja, su fito da asuba su koma bayan isha. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota yake cin albashin ƙananan ma'aikata. An hana acaɓa a cikin birnin, don haka dole ki tsaya bakin titi ki tari motar da ta tsaya, kuma a nan 'yan wan-cans suke farauta, waɗanda ke shiga mota kamar fasinjoji su yi wa mutum fashi a hanya. Ke kuma aikinki na asibiti ne, akwai kwanan aiki, akwai tashi ƙarfe tara na dare. Wannan tafiyar ta dare daga Wuse zuwa Kubwa ita ce ta fi tsaya min a rai, fiye da hayar ma.

Da asibitin zai ba ki masauki, ko ƙawar nan taki za ku raba ɗaki da haya, da maganata ta canza. Ki kira su ki tambaya kai tsaye, ba abin kunya ba ne. In suka ce babu, ki yi musu godiya.

Kano ba sai na daɗe a kanta ba. Ga asibitoci manya, na koyarwa na Malam Aminu Kano, na Murtala, na ƙashi da ke Dala, ga adaidaita sahu ko'ina, ga abinci da sauƙi in kin san kasuwa. Da a ɗaya daga cikin waɗannan asibitocin kika samu gurbi, da na ce ki naɗe tabarmarki ki bi Gwaggo ko ku goma ne a ɗakin. Amma a kan 120,000, wadda ta kwana tana duba jini ta dawo da safe tana neman barci, a ɗakin mutum huɗu ba za ta same shi ba. In kuma zaman ya ƙi, kama ɗaki ke kaɗai a unguwa irin Kurna ya fi na Abuja wuya nesa ba kusa ba. Kin ga abin dariyar harshenmu: asibiti mai zaman kansa abin alfahari ne, mace mai zaman kanta kuwa zagi ne. Wannan kalmar ce take tsorata Baba. Ba yarda da ke ya rasa ba, ai ya bar ki shekara guda a Ilori. Bakin mutane yake ji.

Shi ya sa ni Kaduna zan ce miki, kuma ɗakin Hajiya da kike gudu shi ne dalilina na farko. Abin da kike kira sa ido, shi ne takardar izininki. Baba zai iya ɗaga kai a masallaci ya ce 'yata tana hannun Hajiya wance a Unguwar Dosa, magana ta mutu. Ke kuma kina da ƙofarki, kina da wadda za ta ji nishinki in zazzaɓi ya kayar da ke cikin dare. Wadda ba ta taɓa ciwo ita kaɗai a baƙon gari ba, ba ta san darajar wannan ba. Na taɓa yi, shi ya sa nake faɗa.

Sai dai ki shiga gidan da dabara. Ki biya haya, ko Hajiya ta rantse ba za ta karɓa ba. Ki ce na wuta da ruwa ne, ki tsayar da abu sananne, misali 25,000, ki riƙa kai mata duk farkon wata. Mai biya 'yar haya ce, wadda ba ta biya 'yar riƙo ce, kuma 'yar riƙo ita ake aika kasuwa ranar hutunta. Tun ranar farko ki nuna mata jadawalin aikinki, ta san daren da za ki kwana a waje da dalilinsa, don kada maƙwabta su riga ki ba ta labari. Sauran ƙananan rahotannin da za su je wa Mama, ki bar su su je. Me za a ce, kin sayi tsire?

Lissafin ma ya fi daɗi. Daga Unguwar Dosa zuwa Unguwar Rimi tafiyar keke napep ce, duk a arewacin kogi. In kin cire haya da kuɗin keke, abin da zai rage miki zai haura na Abuja, ga shi ba ki ci bashin miliyan ba. Ki sani dai Kaduna gari ne mai tabo. Tun rikicin shekarar 2000 da na 2002 mazauna suka rarrabu, Musulmi suka fi yawa a Kawo da Tudun Wada da Rigasa da Badarawa, Kirista a Sabon Tasha da Narayi da kewayensu. A wurin aiki kuwa tare za ku zauna, kuma wadda ta yi Ilori ba sai an koya mata zama da kowa ba. Zuwa gida ki bi ta Zariya, ki kuma yi tafiyarki da rana.

Ba kuma cewa nake ki binne burin Abuja ba. Jirgin ƙasa yana tashi daga Rigasa ya sauke ki a Kubwa ko Idu. An fara shi a 2016, an dakatar bayan harin watan Maris na 2022, ya dawo a Disamban shekarar. In aka kira ki ganawar neman aiki a Babban Asibitin Ƙasa ko na koyarwa da ke Gwagwalada, daga Kaduna za ki je ki dawo ba tare da kin kwana gidan kowa ba. A Kadunar kanta ga Barau Dikko, ga cibiyar ido ta ƙasa, ga ta kunne, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Ki yi shekara biyu hannunki ya faɗa, ki tara abin da zai biya hayar shekara da kuɗinki, sannan ki shiga Abuja a matsayin wadda ake nema. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin ki amsa wa na Kaduna, ki je da ƙafarki, gani ya kori ji. Ki karɓi takardar ɗaukar aiki a rubuce, da albashin a jiki, da tsawon lokacin gwaji. Ki tambayi dare nawa ake kwana a wata, da ko akwai inda mace za ta kishingiɗa har gari ya waye. Batun ko ana biyan albashi a kan lokaci kuma, kada ki tambayi manaja, ki tambayi mai shara ko mai gadi.

Saura Baba. Kada ki tunkare shi da lissafin nan nawa, dattijo ba ya son 'yarsa ta kayar da shi da alƙalami, balle malamin makaranta. Ki bi ta Gwaggo. Ita ce za ta fi jin zafi in kika tsallake gidanta, kuma ita ce 'yar'uwarsa da ba ya iya yi wa musu. Ki shirya ki je Kurna da kanki, ba ta waya ba, ki riƙe mata ɗan turmin atamfa, ki kwana biyu. Ki gaya mata gaskiya: aikin dare ne, kuma ba kya son ki riƙa tayar mata da gida. Ki roƙe ta ita ta raka Baba Kaduna su ga ɗakin, su gaisa da Hajiya, Baba ya yi sallah a masallacin layin ya ga liman. Ki ce masa wata shida za a gwada, duk ƙarshen wata kina gida, in ya ji abin da bai yi masa ba ki tattaro kayanki ba gardama.

Su kuma na Abuja, kada ki bar mako ukun ya ƙare kina shiru. Ki kira su gobe a kan maganar masauki, don ki san amsarsu kafin ki hau motar Kano.