Amsoshin tambayoyinku: harbin kunama, zuma da rina

Wata uwa daga Birni ta rubuto: "Kunama ta harbi ɗana mai shekara 3 cikin dare. Kakarsa ta ce a ɗaure ƙafar a tsaga, na hana. Na yi kuskure?"

Sannu baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki, daidai kika yi. Ɗauri da tsaga da tsotsa ba sa fitar da dafi, sai dai su ƙara wa yaro rauni. Ki wanke wurin da sabulu, ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora minti 10. Amma dafin kunama ya fi yi wa ƙananan yara illa, saboda haka yaro kamar naki ba a jiran wayewar gari da shi. In kika ga amai, gumi, dalalar miyau ko numfashi sama-sama, ki tari kabu-kabu zuwa babban asibiti nan take.

Wani mai lambu daga Mirya yana tambaya kan harbin zuma. Malam, zuma tana barin ƙarinta a fata, yana ci gaba da zuba dafi. Ka kankare shi da farce maza-maza. Kumburin wurin ba komai ba ne. In leɓe ko harshe ya kumbura, ko maƙogwaro ya shaƙe, ko jiri ya kama mutum, wannan sai allurar adirenalin a asibiti.

Wani saurayi ya ce fetur na kashe zafin rina. Fetur na babur ne, kada ka sake.

Wani kuma yana son in zaɓa masa tsakanin baƙin dutsen da ake mannawa a wurin harbi da ƙwayoyin masu talla. Ko ɗaya! Dutsen ba ya zuƙe dafi, lokaci kawai yake ci. Su kuwa ƙwayoyin nan, ku tsaya ku dube su a bakin kasuwar Dole ta Damagaram: suna shanye bisa tire cikin ranar watan Afrilu da ke wuce digiri 40, alhali yawancin magunguna ba a ajiye su sama da digiri 30. Kwalin ya koɗe, kwanan watan ya goge, mai sayarwa bai san sunan abin da ke ciki ba, launi kawai ya sani. Shi ne za ka miƙa wa dala ashirin ya zaɓa wa ɗanka "ja da rawaya"? Har tiramol ake cusa wa mutane da sunan maganin zafi. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Ka je farmasi ka sayi parasetamol, ka duba kwanan wata, a faɗa maka awon yara. Kada ka ba yaro asfirin. Da ragowar kuɗin ka sayi cocila, ka riƙa kaɗe takalmi da tabarma kafin amfani saboda kunama.