Rijiyoyin zafin ƙasa da girgizar ƙasa: yaya ake gane alaƙarsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Na ji a rediyo cewa ana yawan samun girgizar ƙasa a inda ake samar da lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa. Ta yaya masana ke tabbatar da cewa aikin ne sanadi? Kuma burtsatsen da aka haƙa mana bara fa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Girgiza ɗaya ba hujja ba ce, kamar yadda mutuwar akuya ɗaya ba ta nuna annoba ta shiga garke. Ƙidaya ake yi. Tun kafin a fara aiki ake kafa na'urorin auna motsin ƙasa domin a san yawan girgizar da yankin ya saba yi, sannan a kwatanta da abin da ya biyo bayan tura ruwa cikin dutse mai zafi: shin adadin ya ƙaru, shin girgizar ta taru a gindin rijiyar, shin tana ƙaruwa duk lokacin da aka ƙara matsin ruwan? Ruwan yana shiga tsagogin dutse ne ya sassauta riƙonsu, kamar yadda taɓo ke sa tayar amalanke santsi da damina.

Ma'aunin da aka fi dogaro da shi shi ne ƙa'idar masana girgizar ƙasa Gutenberg da Richter ta 1944, wadda ta nuna cewa, galibi, inda aka ƙirga girgiza 100 masu maki 2 a ma'aunin ƙarfin girgiza, ana sa ran kimanin 10 masu maki 3 da ɗaya mai maki 4. Ta haka ƙananan da mutum ba ya ji suke ba da labarin babbar da ke iya zuwa.

A birnin Basel na ƙasar Suwizalan, girgiza mai maki 3.4 ta auku a Disambar 2006, kwanaki kaɗan da fara tura ruwa zurfin kilomita 5 a wani aikin lantarkin zafin ƙasa, aka kuma soke aikin a 2009. Ta Pohang a Koriya ta Kudu ta fi ba ni tsoro, domin girgiza mai maki 5.4 ta zo ne ranar 15 ga Nuwamba, 2017, kusan wata biyu bayan turin ruwa na ƙarshe, kuma sai a 2019 kwamitin da gwamnati ta kafa ya ɗora alhakin a kan aikin. A ganina nan ne lissafin ke da rauni: yana faɗin yiwuwa, amma ba ya ganin tsohuwar tsaga da ta riga ta kusa gocewa.

Game da burtsatsenku kuwa, ku sha kuruminku. Zurfinsa ko kusa da kilomita ɗaya bai kai ba, kuma ɗebo ruwa yake yi, ba cusa shi cikin dutse da ƙarfin inji ba.