Kafin ka zaɓi zanen jirgi, karɓo lissafin daga bakin surukinka ka sa a takarda

Wani bawan Allah mai sayar da katako a Yelwan Yauri ya turo min tambaya. Yace ya ware naira miliyan 6 zai haɗa jirgin ruwa na katako mai inji a bayan gidansa, irin na Turawan zamanin da mai sheƙi, ya riƙa bada haya ko ya sayar. Ya samu zane biyu a intanet, ƙarami mai ƙafa 14 da ake rataya masa inji a baya, da babba mai ƙafa 20 wanda injinsa ke cikin ciki. Ƙanin matarsa kafinta ne, yace masa ai duk katako ne, kuɗin zai isa babban. Wanne zai ɗauka?

Alhaji, ni ba zanen bane ya dameni, maganar nan ta "kuɗin zai isa" ce ta tsaya min a wuya. Waye ya lissafa? Da baki aka faɗa maka kana zaune a shago, kai kuma ka yarda saboda ɗan gida ne. Yaron nan ƙila gwani ne a ƙofa da gado da kujera, amma ya taɓa haɗa abinda zai ɗauki rai a kan ruwa? Kai da kake auna katako da tef kullum, ko na dubu biyar baka bayarwa sai ka rubuta, yanzu miliyan 6 zaka saki a kan maganar da babu ko layi ɗaya a takarda.

Jiragen da kake gani a hoto, irin su Chris-Craft na Amurka da Riva Aquarama da aka fara yi a Italiya a 1962, kyan katakon ne ke jan ido amma kuɗin yana wani waje. Filawud ɗin da kake sayarwa na silin da wadirob in ya sha ruwa ɓarewa yake falle falle, jirgi sai filawud na ruwa, ga gam ɗin efoksi galan galan, ga sukurori waɗanda basa tsatsa don ƙusar kasuwa shekara ɗaya ta cinye kanta, ga banish da ake shafawa sau da yawa ana gogewa tsakani, kuma in ka shafa da hunturu a fili ƙura zata manne masa kamar an barbaɗa gari. Galibin waɗannan da dala ake shigo dasu. Madacin da kake dashi a shago shine abu mafi sauƙi a duk lissafin.

Na taɓa zuwa gidan wani abokin ciniki da yayi irin wannan da ɗan yayarsa. Wata uku na farko aiki na gudu, ƙashin jirgi ya tsaya kowa na zuwa kallo, daga nan kullum "Kawu a ƙaro kuɗi". Babu rasit, babu littafi, shi bai san nawa ya fita ba, yaron ma wallahi bai sani ba, kuma ba sata yayi ba, rashin sani ne kawai. Da naje jirgin na kife a kan bulo, tamfal ta yage, gara ta hau haƙarƙarin gefe ɗaya, kaji na kwana a ƙarƙashi. Har yau yayar bata shiga gidansa.

In dole sai ka zaɓa to ƙaramin, kuma dalilina inji ne. Injin ratayawa irin Yamaha, duk makanikin bakin ruwa daga Yauri har Warra ya san cikinsa, in kasuwa ta ƙi ka cire ka sayar gobe. Sabon mai ƙarfin doki 40 kaɗai miliyoyi ne. Babban kuwa sai ka huda ƙasan jirgi ka saita sandar farfela daidai da inji, in ta kauce kaɗan jijjiga da yoyo, kuma tafkin Kainji tun da aka gama dam ɗin a 1968 akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa, farfelar da bata ɗagawa in ta daki ɗaya ka shiga uku. Ka tabbata kuma zanen yazo da jerin kayan aiki da fatun, wato zanen sassan jirgi na ainihin girma, wanda za a ɗora a kan katako a zana.

Batun riba kuma kar ka ruɗi kanka, jirgin mutum huɗu ne, mutanenmu na ruwa buhun masara da babur da fasinjan kasuwa suke ɗauka. Bikin Rigata na wasan jiragen ruwa a Yauri ba kullum akeyi ba, waye zai biya haya sauran watannin?

Ka ɗauki jerin kayan nan ka zaunar da surukinka, ku bi layi layi kuna kiran dillalai a Legas da Onitsha kuna rubuta farashin yau, ka ƙara kashi 30 a kai, harda rigunan ruwa da rajistar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida. Ka biya tsohon maƙerin jirgi na bakin ruwa ya riƙa duba aikin, ladan surukinka kuma a yanka shi mataki mataki a rubuce, matarka da wani dattijo su shaida. In jimlar ta wuce miliyan 6, mayar da kuɗin cikin katako tukuna, ka turo min hoton takardar mu duba tare.