Amsa: Shin Turawan mulki sun tallafa wa masana'antu a Arewa?

Malam, ka tambaya ko gwamnatin Turawa ta taimaka wa masana'antunmu. Ta zuba kuɗi kam, amma duba inda ta zuba su. Layin dogo ya iso Kano a 1911, burinsu auduga ta riƙa tafiya masaƙun Lankasha a Ingila. Sai manoma suka ga gyaɗa ta fi tsoka, suka karkata can, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta cika Kano.

Kuzar Jos ma haka. An shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Bukuru, ya kammala a 1914, don kawai a kwashe ta ɗanya a narka a Ingila. Lokacin yaƙin Hitila kuwa, aikin tilas aka riƙa tura talakawa ramukan kuza, da yawa sanyin Jos da yunwa suka kashe su.

Masaƙa fa? Sai 1957 aka buɗe ta Kaduna, shi ma da ƙoƙarin gwamnatin Sardauna, ana dab da samun 'yanci. Kafin nan masaƙanmu da marinan Ƙofar Mata da atamfar Manchesta suke ta kokawa a kasuwar Kurmi.