Brothers and Sisters ko At Fillmore East, wanne za ka fara ji?

Kana tambaya ko kundin situdiyo na Allman Brothers Band, ƙungiyar mawaƙan rock ta Amurka, za ka fara ji ko na kan dandamali. Ni dai ka fara da na situdiyon, Brothers and Sisters na 1973, yana saurin shiga kunne, a ciki akwai waƙoƙin Ramblin' Man da Jessica na Dickey Betts, mai kaɗa gita a ƙungiyar, ita Jessica ma kiɗa ne zalla ba murya.

Amma fa Duane Allman, babban mai kaɗa gitarsu, ba ya ciki, ya rasu a haɗarin babur a 1971, in gitarsa kake so sai At Fillmore East, na kan dandamalin. Da wannan kundin na fara, waƙar Whipping Post kaɗai ta haura minti 20 kunnena bai saba ba na kashe, sai da na bi ta na situdiyon sannan na dawo na ji daɗinsa sosai wallahi.