Kada Ka Kuskura Ka Goge Su

Ka aiko kana tambaya, wai ka tono wasu tsabar kuɗi a wani kufai, sun yi baƙi ƙirin, da me za ka wanke su su yi ƙyalli. Kai yaro, ajiye su yadda suke. Ruwa zalla, sai tsohon buroshin haƙori idan laka ta toshe rubutun, shi ke nan. Wannan baƙin da kake ƙyama shi ne shaidar tsufansu, kuma shi masu saye ke biya.

Da ba zan tanka ba, sai tambayar ta fama mini wani tsohon miki. Bayan na dawo daga Jado ta ƙasar Nijar, inda muka yi haƙar zinariya lokacin da aka yi rububinta a 2014, wani dattijo ya kira ni gonarsa kusa da tsohon zangon fatake. Garma ta taɓa tono masa kwabo mai huji. Muka yi magana a gaban shaidu, abin da ya fito raba-daidai. Na'urar gano ƙarfe a cikin ƙasa ta yi kuka a gindin wata kuka, muka tarar da fasasshiyar tukunya cike da aninai da kwabbai, a ƙasansu kuma sulallan azurfa da liyari, wato azurfar nan mai hoton Mariya Tarisa, sarauniyar Ostiriya. Sulallan na farkon zuwansu ne, na 1913 zuwa 1919, kafin Turawa su koma buga na tagulla a 1920.

Na damƙa wa yaron da nake da shi a lokacin ya kwana da su. Ɗan neman suna, sai ya jiƙa su a lemun tsami, ya bi su da yashi da toka har asuba. Da safe ya zo yana washe baki, ya buɗe tsumma, suna walƙiya kamar sabon faranti. Na ɗauki sule ɗaya na kai shi rana, fuskar Sarki Joji na Ingila duk zane-zanen yashi. Dillalin da ya zo ya sa gilashi ya duba uku kawai, ya zaro sikeli. Ya ce waɗannan sun tashi daga kayan tarihi, azurfa zai saya da nauyi yadda maƙera ke saye. Na san ya ƙara gishiri don ya danne mu, amma ina bakin magana? Asarar kuɗin ma da sauƙi. Dattijon ya rantse mun ɓoye na kirkin mun kawo masa saura, ya kai ni gaban mai unguwa. Har ya rasu bai ƙara amsa sallamata ba, a kan laifin da ban ji ba ban gani ba.

Ku yaran yanzu kun kalli bidiyo biyu a waya kun zama gwanaye. Jiya-jiyan nan wani ya zo mini da liyari yana rawar jiki wai ya samu kuɗin shekarar 1780. Kusan duk liyari 1780 ne a jikinsa, haka aka yi ta buga shi shekara da shekaru bayan matar ta mutu. Nauyinsa giram 28, idan ya gaza sosai ka yi shakkar sa. Masu mafarkin tono kuɗin Sarauniya Amina kuwa, a gaya musu da kuɗin wuri aka yi ciniki a ƙasar nan kafin Turawa, na'ura kuma ba ta jin wuri. Idan dai kana son abin da ya cancanci murna, duba aninin 1907, na gorar-ruwa ne, mara nauyi, ƙasa na cinye shi, shi ya sa mai kyau yake wuya.



Wane kufai ne ma ka shiga? Idan irin su Surame ne ko Kufena ko jikin ganuwar Kano, tattara ka fita. Dokar 1979 ta hana haƙa a irin wuraren nan sai da izinin hukumar gidajen tarihi, kuma ba ni zan je belinka ba. Ka naɗe kowanne a takarda daban, ka kawo mini ranar Juma'a bayan an sauko.